Kanel ɗin da aka goge ana gobe jarrabawar Rukayya

Shekara tara ke nan da muka kai Malam Habibu makwancinsa a Wudil. Shi ne mai kula da ɗakin kwamfutocin sashenmu a jami'a, ni kuma a lokacin da wannan abu ya faru sabon malami ne, ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba, amma ji nake babu wanda ya kai ni sani.

Kwamfutocinmu tsofaffi ne, kowacce furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗaya gare ta. Malam yakan ce wa ɗalibai furosesa ɗaya kamar mai injin niƙa ne shi kaɗai a shago: madannai na kira, agogon ciki na kira, na'urar da ka jona na kira, dole a sami mai katse shi ya ce ga wanda za a fara saurara. Wani ɗan guntu ne a cikin kwamfutar ke wannan aikin jera kira, kuma iri biyu ne, tsoho da sabo. Kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, shi ake gaya wa wanda zai bi. Malam kullum tsohon yake zaɓa, wai injinanmu ba su jituwa da sabon, kuma ba ya taɓa goge kanel mai aiki ko da ya haɗa wani. Ni a ganina tsoro ne kawai da ƙarancin karatu.

A shekarar ina da ɗaliba, Rukayya, 'yar Utai, wadda ta haɗa na'urar auna danshin ƙasa don masu noman rani irin mahaifinta. Ciwo ya riga ya cinye mata shekarun da aka yarda ɗalibi ya ƙara. In ta faɗi a gaban mai jarrabawa na waje, shi ke nan, gida za ta koma babu digiri.

Ana gobe jarrabawar, kafin la'asar, na shiga ni kaɗai na sake haɗa kanel ɗin kwamfutarta, na kunna sabon mai jera kiran don in burge baƙo. Wuri ya yi kaɗan a faifan ajiyar kwamfutar, sai na goge tsohon kanel ɗin. Ban gwada da na'urarta a jone ba, na kulle na tafi masallaci.

Da safe kwamfuta ta tashi lafiya. Rukayya na jona na'urarta komai ya tsaya cak, ko madannai ba sa amsawa. Ta cire waya ta mayar, ta hura, ta sake mayarwa, don ta ɗauka haɗinta ne ya kwance. Farfesan da ya zo jarrabawar ya dubi agogo ya ce mota na jiransa, ya ba ta minti goma sha biyar. Ina tsaye a bayanta ina kallo.

Aka kira Malam. Ya kashe ya kunna, ya nemi tsohon kanel ɗinsa a jerin da kwamfuta ke nunawa idan an kunna ta, bai gan shi ba. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Mu biyu ne kawai ke da makullin ɗakin.

Ya rubuta wata kalma a layin umarnin da kwamfuta ke bi wajen tashi, wadda ke ce wa kanel ya rabu da sabon mai jera kiran. Kwamfuta ta tashi, ta sake sandarewa. Rukayya ta fara hawaye ba sauti. Ya sake kashewa, ya ƙara kalma ta biyu, muka zuba wa allon ido. Sai ga lambobin danshi suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya.

Ta ci jarrabawarta. Amma shugaban sashe ya tambaya a gaban kowa wa ya taɓa kwamfutar.

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Malam. "Na canja ban gwada ba."

Aka ba shi takardar tuhuma, ƙarin girmansa na shekarar ya wuce shi. Da na same shi a ofis ina kame-kame, cewa ya yi in aka san ni ne ba za a tabbatar da ni ba, in je in karanta abin da na kunna. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, ni ma na ji daɗin shirun, kuma wannan ne ke ba ni kunya.

Yau wayar da ke aljihun kowane ɗalibi furosesa barkatai gare ta, tsofaffin injinan nan kuwa suna jibge a sito. Nakan tambayi kaina me Malam zai ce. Ina jin zai yi murmushi, sannan ya tambaye su abin da ke faruwa a ciki idan sun danna harafi ɗaya, kuma kaɗan ne za su amsa. Aikin hannunsa zamani ya binne shi. Abin da ya rage sunansa ne a bakin waɗanda suka san shi, kuma nan ne na yi masa ɓarna.

Rukayya yanzu malama ce a sashenmu. Makon jiya ina wucewa ta ƙofar ajinta na ji tana gargaɗin ɗalibai su riƙa gwaji kafin su canja komai, tana ba su labarin ranar da marigayi Malam Habibu, Allah ya gafarta masa, ya kusa kayar da ita da ganganci irin na tsofaffin ma'aikata. Aji ya yi dariya.

Rukayya, ba shi ba ne. Ni ne na goge, shi ya gyara. Gobe in kin shiga aji, ki gaya musu haka da sunana.