Wata Biyar Ina Rubutu da Shuɗin Biro

Da na gama karatun akanta na dawo Ƙanƙara, kawuna ya ɗora ni a kan lissafin masana'antarsa ta niƙa farar ƙasa. A lokacin kaina ya kumbura, gani nake duk garin ba wanda ya iya lissafi sai ni.

Na fara da ƙiyasi, yadda aka koya mana. Na yanke wa kowane buhu abin da ya kamata ya ci na kuɗin hidimar inji: man gas, baƙin mai, gyare-gyare, har da takunkumin hanci da madarar gwangwani da ake ba masu niƙa saboda ƙura. Ƙarshen wata sai in gwada abin da aka kashe da ƙiyasina. In an zarce in rubuta da jan biro, in an yi rara da shuɗi.

Watan farko aka zarce, don gas ya tashi. Na sa aka kira mini shugaban ma'aikata, wani dattijo da ya tsufa a bakin injin, kowa Baba yake ce masa. Shi ake ba kuɗin hidimar duk mako.

Na ce, "Baba, wannan ai ɓarna ce! Ko a gyara, ko in kai wa Kawu."

Bai yi boko ba, jan dai ya gani. Ya ce, "To 'yata, za a gyara in Allah ya so."

Aka kuwa gyara. Wata biyar a jere sai shuɗi, Kawu yana nuna ni ga baƙi, ni ina wani ɗaga kai. Jimilla kawai nake dubawa, ban taɓa tambayar inda rarar ke fitowa ba. Rumfar injin ma ban taɓa shiga ba, wai kada ƙura ta ɓata min hijabi.

Wata Talata wata mota ta zo daga Faskari ɗaukar kaya, Baba bai zo ya ba ni adadin buhuna ba. Na tashi a fusace na nufi rumfar. Innalillahi! Mutanen sun yi fari fat har gashin ido, hanci a buɗe, baki a buɗe. Ɗaya ne kawai ya ɗaura tsumma.

"Ina takunkuminku?"

Mai tsumman ya ce, "Ai Hajiya, tun ranar da kika yi faɗa ba a sake saya ba. Madarar ma haka. Baba ya ce gas ba ya raguwa, mu dai za mu iya haƙuri."

Na ce ina Baban? Ya ce kwanansa uku a gida, tarin har da jini. Baban ne ke tsayawa daidai inda garin ke zubowa, tun safe har la'asar.

Ban koma ofis ba, gidansa na wuce. Na same shi kwance a tabarma, ƙirjinsa na fito kamar tsohuwar buta a kan wuta. Na durƙusa kusa da shi. Bai sake tsayawa bakin injin nan ba har yau, amma abin da ya fi cina shi ne abin da ya tambaye ni da ya samu numfashi.

"'Yata, wannan watan ja ne ko shuɗi?"

Na ce, "Shuɗi ne, Baba."

Ya lumshe ido ya ce, "Alhamdu lillahi."