Fuskar da na ara a tasha

Shekarun baya, ina da 'yar rumfa a Kaura Namoda inda nake zanen allunan shaguna da bayan manyan motoci. Daga nan na koyi haɗa katun a waya, na samu abokai biyu masu sa murya, sai ga ni ina kiran kaina darakta, alhali ko kujerar kirki babu a rumfar.

Ban taɓa iya ƙirƙiro fuska daga kaina ba. Tasha nake zama ranar kasuwa, fuskar da ta burge ni in zana ta a littafi. Haka na ɗauko ta wani ɗan kabu-kabu mai jigila tsakanin Shinkafi da Galadi, mai wushirya da tabon ƙuna a kunci. Ko sunansa ban sani ba.

Da na yi katun a kan masu kai wa 'yan bindiga rahoto, sai na ba maci amanar wannan fuska. Wallahi ban kawo komai a raina ba. Katun ya bazu a wayoyi har Zurmi, kaina ya kumbura.

Bayan sati biyu ɗaya daga cikin abokan nan ya faɗo rumfar, ko sallama babu. Ya ce, "Mi ka aikata? Mutane sun ɗauka ɗan kabu-kabun nan ka tona. Jiya anka tare shi bisa hanya, yau da sahe anka rufe shi."

Na goge katun, na fito ina rantsuwa bawan Allahn nan bai san hawa ba bai san sauka ba. Ba wanda ya damu ya yaɗa wannan.

Bayan arba'in wata tsohuwa ta zo. "Kai na mai zanen? Ni na haihe shi." Na zube ƙasa ina cewa, "Inna, ki yafe mini." Ta ce, "Tashi. Ba ni da hoto nai ko guda, har waya tai sunka ƙone. Ɗiya nai ƙanana na, mantawa za su yi da shi. Ka zana man shi."

Kwana uku na yi a kan zanen. Da ta dawo ta daɗe tana kallo, ta ce, "Shi na." Ta naɗe a gefen mayafi ta tafi. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban iya sake roƙo ba.

Har yau ina katun, amma dabbobi kawai nake zanawa. Abin da ya fi cin raina shi ne yaran nan sun girma yanzu, kuma duk abin da suka sani na fuskar ubansu, hannun da ya jawo masa mutuwa ne ya zana musu.