Inda Inna Ta Sauke Gammonta

Shekara ashirin da bakwai ke nan da muka binne Inna, a lokacin da muruci ya cika kasuwa. Duk sa'ad da lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in dafa shinkafa da kifi in raba wa maƙwabta, in roƙa mata gafara, in yi shiru ba. A wannan karon ma na dafa, na raba, amma shirun ya gagare ni. Shi ya sa na ɗauko alƙalami, ko da yake sai da na yaye ɗana na biyar na shiga ajin karatun manya. Mai karatu ya yi haƙuri idan na riƙa kai da komo, haka muke zance a gida.

Abin da ya hana ni shiru kuwa, tulin bulo ne. An jibge shi a bakin Lungun Gammo, ta wajen tsohuwar tasha, za a toshe lungun a gina magaza, wato ɗakin aje kaya. Wanda bai san Gaya ba zai ce mene ne abin tada hankali a kan lungu ɗaya. To, bari in faɗa masa yadda aka yi lungun nan ya samu.

Sunan mahaifiyata Hawa'u, amma duk bakin gulbi Inna Mai Kifi ake ce mata. Tana bandar kifi, tana kuma sayar da abincin rana a wata rumfa kusa da inda jiragen fito ke tsayawa. A ƙarshen zamanin Nasara, lokacin da aka fara raɗe-raɗin za su tafi, motocin Doso ba su da tsayayyen wuri, inda direba ya ga dama nan yake sauke mutane. Sai kwamanda, Baturen da ke mulkin garin, ya aiko da mai awon ƙasa don ya yanka filaye ya kuma fitar da tasha. Mutumin Dahome ne, dogo, mai farar hula da takalmi sau-ciki. Mushe Jomet muke ce masa, wato malam mai awo a yaren Nasara, har ya bar garin ban san sunansa na yanka ba. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk “kai” yake ce musu. Kullum rana ta take, a rumfar Inna yake cin abinci.

Mushe ya yi awonsa, ya je can kan tudu bayan gari, inda ko akuya ba ta samun inuwa, ya kafa turaku ya ce nan ce tasha. Hujjarsa ita ce mota za ta samu wurin juyawa. Maza suka yi gunaguni a gindin bishiya, suka watse. Wa zai ja da takardar kwamanda?

Washegari da rana Mushe ya zo rumfa. Ni ya tarar, ina shayar da ɗana na fari, babu tukunya babu Inna.

Ya ce, “Ina abinci?”

Na ce, “Yana tasha, Mushe.”

“Wane tasha?”

“Taka mana, wadda ka kafa. Inna ta ce tunda can za a koma, gara ta fara sabawa.”

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga da gaske ne, yunwa kuma ba ta san Mushe ba, ya kama hanya. Can ya same ta zaune a jikin turkensa, rana na dukanta, ta rufe masa kwanonsa da faifai. Ta gaishe shi da fara'a, ta miƙa masa ruwan da ya yi zafi kamar na wankan jego. Kwana na biyu haka. A kwana na uku na bi shi a baya don in ga ƙarshen abin. Yana isa ya zube a ƙasa, ya tuɓe takalmi, ya ce, “Inna, kai ka kashe ni.”

Ta ce, “Haba Mushe, kwana uku kacal? Kuma hannunka babu komai sai hula. Mu kullum za mu yi ta, da kaya a kai da goyo a baya.”

Ya yi ta fifita da hular. Daga baya ya ce to, ina take so a kai ta? Ta ce ita ba ta san awo ba, amma gobe da hantsi ya same ta a bakin gulbi.

Da hantsin ta naɗa gammo, aka ɗora mata babban kwano cike da kifi, ta karɓi ɗana ta goya. Ta kama tafiya irin tata, ba sauri ba nawa, Mushe na biye da littafinsa, matan bakin gulbi na biye da shi suna ƙunshe dariya. Ba ta tsaya ba sai gindin tsamiyar da ke gab da kasuwa. Nan ta durƙusa aka sauke mata, ta cire gammon ta aje a ƙasa, ta ce, “Nan wuyana ya ce a sauke. Duk abin da ya wuce nan tashar mota ce, ba tashar mutane ba.”

Ban san abin da ya je ya faɗa wa kwamanda ba, kuma ba zan ƙaga ba. Abin da idona ya gani shi ne an tumɓuke turakun tudu an dawo da su gindin tsamiya.

Da aka zo yanka filayen gidaje, sai ya zama babu hanya miƙaƙƙiya daga gulbi zuwa tashar, sai an zagaya. Inna ta ce a ɗiba daga gefen filinta. Mushe ya tambayi faɗin da za a bari. Ta kira maƙwabciyarta Ayya Fati, kowacce ta ɗauki kwano a ka, suka gifta juna. Ta ce daidai yadda mata biyu masu kaya za su wuce kwanoninsu ba su gogi juna ba. Gidajen da ke biye da namu suka ga abin kunya ne su hana, kowa ya ja katangarsa baya. Kowane gida ya dasa dogon yaro a ƙofarsa, ya aje randa da moɗa.

A nan ne Inna ta yi kuskure, kuma zan faɗe shi don ba ta son a rufe gaskiya. Mushe ya ce ta zo a rubuta lungun a takarda, a fitar da shi daga filinta. Ta yi dariya ta ce, “Takardar me? Wa zai toshe hanya, mahaukaci?” Mu mutanen baki ne, abin da aka faɗa gaban jama'a ya zauna. Lungun ya ci gaba da zama na kowa a ƙasa, a takarda kuwa yana cikin gidanmu.

Ina so masu zanen gari na yau su ji irin zaman da muka yi. Daga ƙofar ɗakina, ban taɓa buƙatar abin hawa ba don in je kasuwa, ko masallaci, ko gidan likita, ko in leƙa lakwal, wato makaranta, in ji dalilin da aka bugi ɗana. Duk suna kewaye da tashar, tashar kuma tana inda ƙafa ke kaiwa. Naƙudar 'yata ta uku a ƙafa na tafi, ina dafa bishiya ina hutawa, kowace ƙofa ana yi mini sannu. Akwai wani tsoho makaho, Baba Sanda, da yake zuwa tasha shi kaɗai, bishiyoyin yake shafawa yana gane gidan da ya iso. Matan Yelu da na Karakara su sauka daga mota da rake da albasa, kafin su kai gulbi sun sayar da rabi a ƙofofin gidaje.

Sai kuma rakiya. Baƙo ba ya fita gidanmu shi kaɗai. A karɓe masa kaya, a taka da shi har gindin mota, a tsaya sai ta tashi. Maganar da aka kasa faɗa a cikin ɗaki, a lungun nan take fitowa. Aure nawa aka gyara tsakanin ƙofarmu da tsamiya, Allah kaɗai ya sani. Ni kaina a nan na faɗa wa Inna abin da ke damuna a gidan miji, tana riƙe da ƙunshin kayana, ba mu kalli juna ba.

Yau ina tashar? An kai ta bayan gari, ta wuce ma inda Mushe ya fara kafa turakunsa. An sare bishiyoyin bakin babbar hanya don manyan kamyo, motocin kaya, su samu wurin jeruwa. Ƙananan lungunan da ke shiga namu, an toshe su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ƙara ɗaki, wancan ya fitar da butik, wato shago. Baƙo kuwa a bakin ƙofa yake ɗare kabu-kabu, kafin ka ce a gaida gida ya sha kwana. An ce ci gaba ne. Ni dai ban gane ci gaban da zai sa tsohuwa ta tsaya a bakin gudro, titin kwalta, tana roƙon wanda zai tsallakar da ita a garin da aka haife ta ba.

Kada a ɗauka Inna mai ƙin mota ce. Tana cikin matan farko da suka kai banda Doso a bayan kamyo, ta dawo tana ba da labari har mako. Da a ce ta ga gari ya cika da motoci, da ta yi murna, ta ce arziki ne. Abin da zai ɓata mata rai shi ne a ce mota ce mai gari, mutum shi ne baƙo mai raɓe-raɓe a jikin bango. Na tabbata da za ta tambaya: wanda ya zaɓi wurin sabuwar tashar nan, ya taɓa zuwa can a ƙafa? Da me a kansa?

Abin da ya fi ci mini rai, mai toshe Lungun Gammo ba baƙo ba ne. Sanusi ne, ɗan ƙanena marigayi, wanda ya gaji gidan Inna. Wani mai kamyo ya nemi wurin aje kaya, Sanusi ya buɗe takarda ya ga lungun nasa ne. Na je na same shi a zaure, na faɗa masa duk abin da na rubuta a nan.

Ya ce, “Gwaggo, wannan ai labarin da ne. Yanzu wa ke tafiya a ƙafa?”

Na ce, “Ni.”

“Ke ma don kin ƙi ne. Kullum ina cewa ki aiko in kai ki.”

“Matan bakin gulbi fa, su ma duk kai za ka kai su?”

Ya sosa ƙeya ya ce ai ga babbar hanya nan, ɗan zagaye ne kawai.

Na ce to, na ji. Alfarma ɗaya nake nema, ya raka ni ta ɗan zagayen nan daga ƙofata zuwa kasuwa, sau ɗaya tak. Ya ce babu komai. Ranar ya zo a kan babur, ya ce in hau. Na ce a ƙafa muka yi da kai. Ya ce to in fara gaba, yana zuwa. Na bi bakin gudro ni kaɗai, babu inuwa, babu wurin taka ƙafa sai tsakanin tayar kamyo da bakin lambatu. Sau biyu na manne da bango na rufe ido, wata mota ta wuce har iskarta ta ɗaga mini mayafi. Da na iso kasuwa, sai ga Sanusi zaune a kan baburinsa a gindin tsamiya, yana ɓare muruci.

Ya ce, “Gwaggo, ina kika tsaya haka?”

Abin da ya zo bakina ba na faɗa wa ɗan ƙane ba ne. Mutumin Dahome, ma'aikacin Nasara, wanda ba shi da ko kabari ɗaya a garin nan, ya taka kwana uku ya gane. Jikan Inna ya kasa takawa sau ɗaya.

Na zauna na duba abin da ya rage na Inna. Rumfarta ruwa ya cinye wurin tun tuni. Kwanoninta an raba, sun huje. Waɗanda suka san muryarta ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. Abin da ya saura nata a doron ƙasa shi ne faɗin kwano biyu tsakanin katanga da katanga, wanda kullum mutane ke bi ba su san ma sadakar wace ce ba. Ina jin ladan da ke isa kabarinta daga sawun nan yake zuwa. Idan an toshe, ban san me zan ce mata ba.

Shekaranjiya Sanusi ya aiko matarsa, wai magina za su fara aiki ranar Asabar, kuma tunda al'ada ce gida ya ciyar da masu gini, kuma hannuna ya fi daɗi, ko zan taimaka da abincin rana. Na ce mata to. Ban iya cewa a'a ba, ba a koya mini ba.

Zan dafa, shinkafa da kifi, irin ta Inna, ba zan rage mai ba. Su za su tsaya ta wajen kasuwa inda bulonsu yake, ni kuma zan shimfiɗa tabarma ta wajen gulbi, a ƙofar gidana. Ranar farko za su tsallako ginin da ƙafa. Rana ta biyu wataƙila su dafa su hauro. Daga nan sai su bi ta gudro da tsakar rana, su zo su ci, su koma. Kwanon Sanusi ma yana nan tare da nasu, zan rufe masa da faifai. Na riga na faɗa wa matarsa, wanda ya zo a kan babur ba shi da rabo.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa inda ta sauke kayanta na ƙarshe akwai inuwa.