Malam Sabo Mai Kangarun Bishiya

Duk wanda ya zauna a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur a zamaninmu ya san Malam Sabo, ko bai san sunansa ba: shi ne mutumin nan da ke saukowa daga bene da baya da baya. Ya kama ƙarfen matakala, ya juya wa duniya ƙeya, ya dinga lalube da dunduniya. Ranar da ya yi haka a tashar jirgin ƙasa ta Masjid Jamek har mai gadi ya rugo yana "Uncle, boleh?", wato ko zai iya sauka. Na ce, "Haba Malam, ana fa kallonmu." Ya ce, "Kangarun bishiya haka yake saukowa, wutsiya a gaba. Kuma ban taɓa karanta inda ya yi ciwon gwiwa ba."

Dabbar ke nan da ya zo yin digirin digirgir a kanta. Mu kangarun littafin firamare muka sani, mai tsalle a fili. Malam ne ya sanar da mu, ba tare da mun tambaya ba, cewa yana da ɗan'uwa da ya tare a kan bishiya a dazuzzukan New Guinea da arewacin Ostareliya, mai farata masu ƙarfi da doguwar wutsiyar da yake daidaita jiki da ita a kan reshe. Ganye yake ci, in zafi ya dame shi ya lashe hannuwansa. Macen ɗa guda take haifa, ta daɗe tana renonsa a jakar cikinta, shi ya sa in masu saran daji da karnukan farauta suka shiga, kafin ta mayar da gurbi an yi ɓarna.

Abin da ke ci masa rai, mu kuma muka mayar da shi abin tsokana, shi ne duk shekarun nan bai taɓa sa dabbar a ido ba. Busasshen kashinta ake aiko masa a 'yan robobi, ya bincika abin da ta ci.

Wata rana a mamak, shagon shayin da muke taruwa, Ɗanladi, abokinmu ɗan Kafanchan, ya karɓi hoton dabbar daga hannun Malam ya duba ya ce, "Oga Sabo, abeg, wannan abin naka ana ci?" Malam ya dire kofin shayinsa. "Ku dai ciki! A nuna wa kowa dabba ya tambayi sunanta, ku a nuna muku ku tambayi yaji." Daga ranar "ku dai ciki" ta zama gaisuwarmu.

Mun sha ce masa akwai irinsa a gidan namun daji a Singafo, bas ce kawai, ya je ya gani ya huta. Ya ƙi ƙememe. "In aka ce ka je ka fara gaida surukinka, gidan yari za ka nufa? Ni a gidansa zan same shi, in yi sallama."

To, sai ranar miyar kuka. Firizar ɗakin bincike ta lalace, Malam ya kwaso robobinsa ya jera a firjin gidansa. Matarsa Anti Rabi ta je Najeriya ganin gida, Ɗanladi ya karɓi girki. Kun san yadda daddawa take wuya a Kuala Lumpur; ka ga baƙin abu a roba cikin firjin Bahaushe, ai ba ka tsaya tambaya ba. Muka nannaɗe hannun riga, muka ci tuwon shinkafa muka yi nak. Har wani masani a cikinmu ya yanke hukuncin cewa wannan ƙamshin ganye-ganyen, daddawar Zariya ce. Malam ya tashi ɗauko ruwan sanyi, sai muka ji salati.

"Wa ya taɓa roba mai jan murfi?"

Muka dubi Ɗanladi, Ɗanladi ya dubi tukunya. Kafin ka ce kwabo an yi layi a bakin famfo. Malam kuwa, da ya fi kowa loma, ko kurkure baki bai yi ba. Yana tsaye da roba a hannu yana cewa, "Ku dai ciki! Kun cinye min babi na huɗu!" Can ya juya ga mai girkin: "Kai da ke tambaya ko ana ci, ga shi ka fara, amma ta ƙarshe ka faro."

Lokacin da dama ta samu ta zuwa New Guinea, ciwon zuciya ya riga ya kama shi. Likita ya hana shi hawan dutse, Anti Rabi ta yi kuka, mu ma muka sa baki. Ya ce likitan a kan mutane ya yi karatu. Ya tafi wani ƙauye a kan tsauni, inda mutanen garin suka keɓe wani sashen dajinsu suka haramta wa kansu farauta a ciki. Ya dawo a rame, ƙafafu duk cizon matsattsaku. Muka cika falonsa.

"Malam, ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Me yake yi?"

"Barci."

Ɗanladi ya faɗi ƙasa don dariya. "Jirgi, mota, tafiyar ƙasa, duk don ka kalli mai barci? Ai da ka zo ɗakina, lah!"

Malam ya bari muka gama, sannan ya ce, "Mahaifina maharbi ne. Na tashi duk abin da ke dajin garinmu in ya ji takun mutum gudu yake, har aka wayi gari babu mai gudun. Wannan kuwa na tsaya a gindin bishiyarsa na yi sallama, ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, ya koma barcinsa."

Babu wanda ya sake dariya. Bai daɗe ba bayan nan ya rasu, kundin digirin nasa bai kammala ba.

Allah ya jiƙan Malam Sabo, ya yafe masa, ya ba Anti Rabi da yara haƙuri. Ya Allah, bawanka ya yi murna da ya ga halittarka tana barci babu tsoro. Ka ba shi irin wannan barcin a makwancinsa. Amin.