Yaro Mai Haƙuri

Ɗana na fari ba ya kuka, kuma duk layinmu a Samaru an san haka. Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama na haife shi, muna zaune gidan iyayen mijina.

"Kai, wannan yaro akwai haƙuri!" in ji duk matar da ta leƙo. Uwar mijina har taƙama take yi da shi.

Ni kuwa ina gani. Sa'anninsa sun fara ɓangale baki suna dariya, shi ko murmushi babu. In ina ba shi nono, idonsa na can rufin ɗaki. In na ɗaga shi, wuya ya langaɓe kamar jiƙaƙƙen tsumma. A yi ta daka kusa da kansa, ko firgita ba ya yi. Amma ɗan fari ne. Ko sunansa ba na kamawa, balle in tsaya gaban manya in yi zancensa. Sau ɗaya na gwada, na ce da uwar mijina, "Inna, wancan yaron fa..." Ta ce, "Ji mara kunya! 'Ya'yan zamani." Na haɗiye sauran.

Wata rana muka je kasuwar Sabon Gari ni da Inna da ƙanwar mijina. Wata Bayarabiya mai sayar da atamfa ta leƙa bayana, ta yi masa wasa, ta tafa hannu dab da kunnensa. Fuskarta ta canza.

"Yaro naka ba ya duba mutum," in ji ta. "Ka kai shi asibiti."

Abin da ke raina ta faɗi. Su kuwa dariya suka kwashe da ita, wai ta ce wa mace "ka". Har muka sauka daga mota a Samaru suna kwaikwayonta. Har yau in na tuna dariyar nan raina ɓaci yake yi.

Sai da lokacin rarrafe ya wuce bai ko zauna ba aka kai shi. Likita ya tambaye ni tun yaushe. Inna ta riga ni: "Ai shi haka yake, mai haƙuri ne." Ban sani ba ko da an kai shi da wuri da ya tashi. Ban samu wanda zan tambaya ba.

Bai kai yaye ba. Ranar da aka fita da shi ma ba a so a ga hawayena, ɗan fari ne. Mata suka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta durƙusa ta ce da ni, "Sai haƙuri."