Tukunyar Kan Dutse da Baftismar Kaka

Ranar Asabar da ta wuce na dawo daga gona na tarar matata tana dafa zoɓorodo. Washegari ranar Jibin Ubangiji ce a majami'armu, kuma aikin dafa ruwan Jibin ya zo kanta. Ƙamshin nan mai tsami-tsami ya tarbe ni tun daga ƙofar gida. Na jingina fartanya, na zauna a kan kututture. Ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya lau, Kaka ce ta faɗo mini a rai.

Bari in ba ka labarinta, kai mai karatu, don na daɗe ina riƙe da shi.

Ƙauyenmu yana gindin dutse, idan ka bar Zuru ka kama hanyar Ribah. A lokacin da nake yaro majami'armu ginin laka ce da rufin ciyawa, wurin zaman ma laka ce aka tayar. Ba mu da Rabaran namu, sai mai bishara wanda yake noma kamar kowa. Rabaran daga Zuru yake zuwa a kan babur, sau uku ko huɗu a shekara, ya ba da Jibi ya koma. Baftisma kuwa sau ɗaya tak ake yi, bayan ruwan sama ya ɗauke, kafin rafi ya janye. Wanda ya kuskure wannan rana sai ya jira baɗi.

Kakata, mahaifiyar babana, ita ce mai dafa ruwan Jibi. Ba a samun ruwan inabi a wurinmu, da zoɓorodo ake yi. Tana shuka jar yakuwa layi biyu a bayan ɗakinta, ba ta yarda a tsinki ko ganye ɗaya don miya. Idan ta nuna sai ta ɓare, ta shanya a kan faifai, ta adana a tulu. Ranar jajibere ta dafa, ta tace da sabon ƙyalle har sau uku, ta zuba sukari da ƙiyasi. Ba ta taɓa ɗanɗanawa ba. Idan mahaifiyata ta ce ta ɗan taɓa a harshe ta ji ko ya yi, sai ta girgiza kai ta ce, "Ba nawa ba ne tukuna."

Ba a yi mata baftisma ba, shi ya sa. Ranar Lahadi idan an gama wa'azi, mai bishara yakan ce waɗanda ba su yi baftisma ba su fita. Mu yara mu ruga waje da murna. Kaka ta dafa gwiwa ta miƙe a hankali, ta biyo mu, ta zauna a gindin ɗorawa, tsohuwa guda mai furfura a tsakiyar yara. Idan waƙar Jibi ta taso daga ciki, sai ka ga leɓenta yana motsi. Ta san waƙar duka.

Abin da ya tsare ta tukunya ce. A al'adar mutanenmu, idan namiji mai suna ya mutu, ana gina tukunya ta musamman a kafa a kan kabarinsa, can a kan dutse inda kakanni suka zauna. Duk shekara dangi su hau su zuba mata giya. Kakana manomi ne kuma ɗan kokawa wanda ba a cika kai bayansa ƙasa ba. Ya rasu tun ba a haife ni ba. Kaka maginiya ce, ita da hannunta ta gina tukunyarsa: ja, mai faɗin ciki, da ɗan kai a sama kamar na mutum. Da ta bi hanyar Yesu ta daina zuba giya. Amma kowane ƙarshen damina takan hau da 'yar fartanyarta ta cire ciyawar da ta rufe wurin.

Ana yi wa masu neman baftisma tambayoyi ranar Asabar, a fili, a gindin ɗorawar nan, kowa yana ji. Babban dattijon ikilisiya tsohon soja ne, dogo, mai murya kamar yana fareti. Shi yake yawan tambayar.

"Mama, kin karɓi Yesu?"

"Na karɓa."

"Kin daina zuba giya a kan dutse?"

"Na daina tun kafin ka dawo daga bariki."

"To ki hau ki fasa tukunyar nan, gobe mu sa ki a ruwa."

Kaka ta ce, "Ku da kuka iya boko kuna rubuta sunan mamacinku a siminti. Ni ban iya ba. Yumɓu na iya."

"Siminti ba a yi masa tsafi, Mama."

"Ni ma ciyawa nake cirewa."

Nan ake tsayawa kowace shekara. Kada ka ɗauki dattijon nan mugu. Ya sha duka a hannun danginsa lokacin da ya tuba, kuma ya ga mutane da yawa suna cin Jibi ranar Lahadi, ranar Litinin su hau dutse da tulun giya. Tsoron da yake ji ke nan. Idan rufin ɗakin Kaka ya yi yoyo, shi ne farkon mai zuwa da damin ciyawa. Amma a kan tukunya bai taɓa sassautawa ba, ita ma haka. Shekara uku suna wannan.

A damina ta huɗu Kaka ta kwanta. Tari ya kama ta, ƙafafunta suka kumbura, ko bayan ɗaki sai an riƙe ta. Wata rana na ji Baba yana roƙonta.

"Inna, yumɓu ne fa kawai."

"Ubanka ne a ƙarƙashinsa," in ji ta.

Da ya fito, na ji ya ce wa mahaifiyata ba ya jin Inna za ta ga wata daminar. Ina da shekara goma sha huɗu a lokacin. Ni ne take kira maigidanta, ni take ɓoye wa ƙanzon tuwo. Maganar nan ta hana ni sakat. Na riƙa ganin Kaka za ta mutu tana zaune a waje, ba ta taɓa shan abin da hannunta ya dafa ba. A hankalina na yaro, abin mai sauƙi ne: tukunya ce ta tare hanya, a kawar da tukunya.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu Rabaran ya zo, na ɗauki lauje da rana tsaka na ce zan yanko wa awaki ciyawa. Na hau dutse. Dawa ta yi kai a gonakin da ke ƙasa, ciyawa ta kai mini ƙirji, ba ka jin komai sai kukan kurciya. Na sami tukunyar a tsaye, ɗan kan nan yana kallon gabas. Na ɗauki dutse. Sai da na buga sau uku ta fashe, don Kaka ba ta gina abu sako-sako. Ba komai a ciki sai busasshiyar ƙasa da gidan zanzaro. Na ce bari in gama aiki gaba ɗaya, na kwashe ɓaraguzan na watsa su cikin ciyawa a gangare. Wani ya yanke ni a tafin hannu. Na ɗaure da tsumma na sauko.

Washegari mata masu itace suka ga wurin wayam. Kafin rana ta yi tsaka labari ya gama ƙauye cewa Kaka ta sa an fasa tukunya. Matan zumuntar majami'a suka cika gidanmu da guɗa. Kaka tana zaune a kan tabarma, ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Da suka watse ta kira ni.

"Maigida, me ya sami hannunka?"

"Lauje ne, Kaka."

"Lauje," ta ce. Ta daɗe tana kallon tsumman, sannan ta ce in ɗebo mata ruwa, za ta jiƙa zoɓorodo.

Ranar Asabar Baba ya goya ta zuwa gindin ɗorawa. Rabaran yana zaune a kujera, mai bishara yana riƙe da littafin da ake rubuta sunayen masu shiga ruwa. Da aka zo kan Kaka, tsohon soja ya miƙe fuskarsa cike da fara'a. Ya ce babu sauran tambaya, Allah ya ba Mama nasara, a rubuta sunanta.

Kaka ta ɗaga hannu. "Kada ku rubuta tukuna. Ba ni na fasa ba, ban kuma aiki kowa ba. Da ta ni ce, tana nan tsaye har yanzu."

Baba ya sunkuya ya ce, "Inna, ki yi shiru mana!"

Ta ture hannunsa. Ni kuwa ina can baya, na ɓoye hannuna a cikin riga.

Tsohon soja ya ce, "To wa ya fasa?"

"Wanda ya fasa ya san kansa. Yau ba shi ake tambaya ba, ni ake tambaya."

Rabaran mutumin wajen Danko ne, yarenmu ɗaya da shi. Ya matso da kujerarsa ya ce, "Mama, kin san idan kika faɗi haka, sai baɗi?"

"Na sani, ɗana. Na kuma san wataƙila ba ni da baɗi. Amma ba zan shiga ruwan nan da ƙarya a bakina ba."

Tsohon soja ya koma ya zauna. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Da ya buɗe baki, muryar faretin nan babu ita.

"Ni na tsare matar nan shekara uku," in ji shi. "Mai zuciya biyu nake tsoro. Mai zuciya biyu da yau ta yi shiru abinta." Ya juya wurin mai bishara. "Malam, rubuta."

Da safiyar Lahadi aka gangara rafi da waƙa. Ruwan ya fara janyewa, amma a gindin wani dutse yana kai wa babba ƙugu. Baba ya kai ta bakin ruwa. Tsohon soja ya naɗe wandonsa ya shiga, ya riƙe mata hannu ɗaya, Rabaran ya riƙe ɗayan. Aka nutsar da ita cikin sunan Uba da na Ɗa da na Ruhu Mai Tsarki. Ta ɗago tana tari, ruwa yana zuba daga furfurarta, mata suka rangaɗa guɗa har tsuntsaye suka tashi daga cikin gamba.

A majami'a, da mai bishara ya ce marasa baftisma su fita, na fita tare da yara. Na zauna a gindin ɗorawa, gefena inda Kaka take zama babu kowa. Da aka tashi, Baba ya goyo Kaka, na ji tana yi masa faɗa a baya: "Shekara nawa kuna shan abin nan da tsami haka, ba wanda ya gaya mini?"

Ashe tana da baɗi, har guda uku. Tarin ya sake ta, sai dai ƙafar ba ta ƙara hawa dutse ba. Bayan girbin shekarar baftismar na je ɗakinta na durƙusa na faɗa mata ni ne. Ta ce ta sani tun ranar, lauje ba ya barin jar ƙasa a bakin ciwo. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba har ta koma ga Ubangiji. Abu ɗaya ta roƙe ni: in hau in tara duwatsu a wurin, don kada a manta inda kakana yake.

Na ce to. Amma kunyar wurin nake ji, ina kuma tsoron a gan ni a can a gane. Na ce sai ciyawa ta bushe. Ciyawa ta bushe, na ce sai bayan Kirsimeti. Daga nan na shiga noman gidan surukai na shekaru, yadda ake yi a wurinmu kafin a ba ka mata, daga baya neman abinci ya kai ni Sakkwato. Baba kuma bai taɓa hawa ba, yana gudun bakin mutane, har shi ma ya tafi.

Yanzu abubuwa sun canja. Majami'armu ta bulo ce da kwano, muna da Rabaran namu, akwai kwamin siminti a bayan gini da ake cikawa da ruwan famfo, ana baftisma ko da rani. Ba wanda ake tambaya zancen tukunya, don masu saye sun kwashe yawancinsu daga kan dutse, sauran shanu sun tattake. Ni ma yanzu ina cikin dattawan da suke yi wa masu neman baftisma tambayoyi. Idan na ga tsoho ya turje a kan wani abu, ba na saurin yanke masa hukunci, nakan tambaye shi abin da yake riƙewa.

Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci. Bara, da hannuna ya fara faɗawa, babban ɗana ya ce mu hau mu yi wa kakana siminti, ni in rubuta sunan da kaina. Na yi mako guda ina gwada sunan a takarda har ya fita tsaf. Muka hau da buhun siminti da jarkar ruwa. Muka tarar ruwan sama na shekara da shekaru ya daidaita wurin. Akwai ɗan tudu nan, akwai wani can, akwai na uku a gindin wata ƙirya. Na tsaya a kan kowanne, na duba gabas, na duba gangare. Ɗana ya ajiye buhun yana jira.

"Baba, wanne ne?"

Takardar tana aljihuna. Na iya rubuta sunan kakana yanzu, amma ban san inda zan rubuta shi ba.