Maganin Zuciyata da Gwiwar Inna

Salamu alaikum, jama'a. Wata tara ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa aure na yi na ɓuya, ku yi haƙuri, jinya na yi.

Ina yaro, da ƙafa nake zuwa kasuwar Gwandu daga Kambaza, da kwandon albasa a ka, ban san hutu ba. Amma bara, tsakanin gidana a Kalgo da makarantar da nake koyarwa, sai na zauna sau biyu. Numfashi ya ƙi isata, gwiwoyi suka kumbura.

A wani asibiti a Birnin Kebbi aka ɗebi jini, aka yi hoton zuciya. Likita ta ce wata ƙofa cikin zuciyata ta fara tsukewa, kuma asalinsa ciwon maƙogwaron yarinta ne da ba a yi wa magani ba. Ta rubuta min ƙwayar rage kumburi kullum, da allura duk wata.

"Ba zai buɗe ƙofar ba, Malam Bello," in ji ta. "Zai rage mata saurin tsukewa ne. In ka yi wasa, sai tiyata."

Na tsorata ƙwarai.

Na koma Kambaza wurin Inna, mahaifiyata. Ɗakin da aka haife ni, kunun da na tashi da shi, har tsohuwar randarmu tana inda na san ta. Na ji kamar ban taɓa barin gida ba.

A gidanmu magani ba shi da mai shi. Tun muna yara, duk abin da aka samo daga asibiti gwangwani ɗaya ake zuba shi, mai ciwo ya ɗauka. Da na ga Inna tana dafa bango kafin ta miƙe daga salla, sai na ba ta ƙwaya biyu.

Washegari ta ce, "Kai, wanga magani na da kyau!" Ta gaya wa Gwaggo, Gwaggo ta gaya wa maƙwabta. Maganin wata guda ya ƙare a kwana goma. Duk wanda ya zo nema, kunya ta sa na ba shi.

Kumburi ya dawo, numfashi ya fi da wuya. Da muka koma asibiti, likita ta tambayi dalili, na sunkuyar da kai. Inna ce ta amsa.

"Mu mun ka shanye mishi, likita. Ban san numfashin ɗana nika sha ba."

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta duba gwiwar Inna, ta rubuta mata nata.

Hoton watan jiya ya nuna ƙofar ba ta ƙara tsukewa ba. An ɗage tiyata. Alhamdulillah. Na gode wa likitata da duk wanda ya yi min addu'a.

Don Allah, in yaro ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a kai shi asibiti. Kuma kada a raba magani, ko da wa.

Nawa yanzu a haɓar zanen Inna yake ƙulle. Shekaranjiya Gwaggo ta zo neman ƙwaya ɗaya tak. Inna, wadda ban taɓa jin ta hana kowa komai ba, ta dafe ƙullin ta ce, "Wanga na Bello na. Ki tai asibiti."